Ni Na Zaɓi Wurin Makewayin, Ban Tambayi Matan Ba

Wata 'yar'uwa ce daga Damagaram ta turo wannan, ta ce a saka ba suna. Mai shawara ya ba ta, mai zagi ya wuce.

Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, don yau Litinin, abin kuma ran Alhamis ne. Kada a ce mini in yi haƙuri kawai, abin da zan yi nake tambaya.

Ni budurwa ce, shekarata ashirin da uku, a unguwar Kara-Kara nake zaune da Innata da yayana, Babanmu ya rasu. Na yi kolej na samu takardar birebe, na shiga lise, wato babbar sakandare, na yi shekara guda na bari. Halina kuwa gara in faɗa da kaina: ba na iya zaman jira, kuma abin da ke raina shi ke bakina, tun ina ƙarama ake faɗa da ni a kan haka.

Bayan katangar gidanmu akwai wani fili da mai shi ya kewaye bai gina ba. Shekara biyu da suka wuce aka sauke wasu mutane a ciki, rikici ne ya koro su daga garinsu can gabas. Gida bakwai ne, yawancinsu mata da yara, sai tsofaffi maza uku. Suka kafa bukkoki da zana da tamfol. Kun san yadda ruwa yake mana a garin nan, famfo sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, ranar da ya zo kuma bido, wato jarkar ruwa, ya yi layi har bakin titi. To ga ƙarin mutane, ga shi ba su da makewayi ko ɗaya. Matan unguwa suka fara ƙorafi, ana cewa baƙi sun ƙara mana layi, baƙi sun ɓata mana bayan gida da wari. Ni ma na yi ƙorafin, ba zan ɓoye ba.

Sai wasu mutanen furoje, wato masu aikin agaji, suka zo za su gina musu makewayi. Suka nemi wadda ta iya rubutu da Faransanci a unguwa, mai unguwa ya ba da sunana. Shugabarsu, wata mata da kowa ke ce wa Madam, ta ba ni takardar tambayoyi, ta ce in je in tambayi mutanen inda suke so a haƙa da inda ƙofa za ta kalla. Har sau biyu ta maimaita mini: "Ki zauna da matan su kaɗai, ba a gaban maza ba." Na ce to, a raina ina cewa wannan mata da son dogon zance take, rami ai rami ne.

Ranar da na je, tun safe ina layin famfo, ruwa ya ɗauke saura bido uku a zo kaina. Na shiga filin nan raina a ɓace, rana kamar ta fasa kai. A bakin ƙofa akwai itacen bedi, wato dogon yaro, guda ɗaya tal, a ƙarƙashinsa babbansu yake shimfiɗa tabarma, zan kira shi Ba Modu, ba sunansa ba ne. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, ya nuna mini gefen ƙofa da sandarsa ya ce, "'Yata, nan ya fi, can baya duk dutse ne, masu haƙa za su sha wuya." Gaskiya kuwa ya faɗa, bayan filin dutse ne. Na hango matan can ciki suna wanki, na tuna in na shiga sai an yi gaisuwar gida da ta gajiya da ta yara, sai an nemo wadda ta fi jin Hausa, sai kowace ta yi ta sunkuyar da kai kafin ta ce uffan. Na ciro bik, wato biro, wurin da aka tambaya ko an zauna da mata na sa alamar e, na sa hannu na koma gida. Duka-duka ban yi minti goma ba.

Aka gina. Ɗaki biyu na siminti, ƙofofin ƙarfe shuɗaye, da bido mai famfo na wanke hannu. Ƙofofin nan biyu suna kallon tabarmar Ba Modu ido da ido, taku bai fi goma ba. Shi kuma daga hantsi har magariba nan yake, da sauran tsofaffin, da dattijan unguwa da suka saba zuwa hira. Huɗu daga cikin matan filin matan 'ya'yansa ne. Ko abinci ba sa ci a gabansa, ko sunansa ba sa kamawa. Yanzu ku faɗa mini, wace ce a cikinsu za ta ɗauki buta ta ratsa ta gaban surukinta, ta shiga ta rufe ƙofar ƙarfe mai ƙara, ta fito ta sake ratsawa? Kuma kada wani ya ce al'adarsu ce ban sani ba. Innata har kakanmu ya mutu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, a gidan nan na tashi ina gani. Na sani sarai, ban tsaya na yi tunani ba ne.

Wata da watanni ban gane ba. Duk sati ina zuwa dubawa, in tarar da wurin fes, ba wari ba ƙuda, in rubuta cewa ana kula da shi. Har yabona Madam ta yi a waya. Ashe tsabtar nan don maza uku da ƙananan yara ne kawai ke shiga.

A wannan lokacin ƙawayena suka janye. An sa mini suna Madam Latirin, wato Madam Makewayi. Suna cewa na ci da furoje, na sa an yi wa baƙi na siminti alhali na gidajensu na ruftawa, kamar ni ke raba simintin. Na je wani biki na yi sallama, ba wadda ta matsa mini a tabarma, wata ma ta toshe hanci aka yi dariya. Na ba ta amsar da ta dace da ita, to daga ranar ko gaisuwa ta ƙare. Wayata sai ta yini ba ta yi ƙara ba in ba Madam ba. Mutum ɗaya ta rage mini, ita ce Falmata, wannan ma ba sunanta ba ne. Matar ɗan Ba Modu ce, ta girme ni kaɗan, 'ya'yanta biyu, mijinta tun ranar da suka gudo ba a ji labarinsa ba. Ta kan katanga muka fara, tana miƙo mini turaren wuta ina miƙa mata yaji, har ta fara zagayowa tana yi mini kitso. Ita kaɗai ce in na yi faɗa take dariya maimakon ta yi fushi, sai ta ce, "Ƙanwata, wannan bakin naki, mijinki sai ya yi kunnen ƙarfe."

Wata rana da azahar tana yi mini kitso, zafi ya yi zafi, na ɗebo mata ruwan randa mai sanyi. Ta karɓa ta riƙe kofin ta ajiye. Leɓenta duk ya bushe ya tsage. Na ce, "Ya Falmata, ƙyanƙyaminmu kike yi ko azumi?" Ta ce a'a, sai dai rana ta faɗi. Na matsa mata, kun san ni da matsi. Nan ta gaya mini cewa duk matan filin daga sun yi kurɓin safe ba sa ƙara shan ruwa, abinci ma kaɗan-kaɗan, don kada fitsari ko bayan gida ya kama su da rana. Sai duhu ya yi su tafi bayan duwatsu biyu-biyu. Mai al'ada kuwa ba ta da inda za ta gyara jikinta sai cikin bukka, yara na shiga suna fita. Tana faɗa tana ci gaba da kitson kamar labarin farashin gero take ba ni. Ni kuwa kaina a sunkuye, na gode Allah da ba ta ganin fuskata.

Sati bai cika ba zazzaɓi ya kayar da ita, ga ciwon mara, fitsari na ƙona ta. Ni na kai ta asibiti a kabu-kabu. Likita ta ce ciwon riƙe fitsari ne da rashin shan ruwa, ta ce ta dinga sha da yawa kuma kada ta ƙara riƙewa, in ba haka ba zai iya taɓa ƙoda. Falmata ta ce to, ta kalle ni ta yi murmushi.

Da muka dawo na ɗauki taɓarya na fasa katangarmu ta bayan madafa, inda dama ta tsage, na rataya zana. Matan suka koma shigowa salgarmu ta nan, ba wanda ke ganinsu. Inna ba ta hana ba da farko, ta ce lada ne. Amma salgar nan tun Babanmu na da rai aka haƙa ta, ta mutum huɗu ce, yanzu mata sun fi goma. Ta kusa cika, ƙuda ya addabe mu, bakinta ya fara zaftarewa, ruwan buta ma daga randarmu yake fita. Shekaranjiya Yaya ya tsaya tsakar gida ya ce damina na zuwa, ba zai zauna ramin nan ya rufta da uwarsa ba. Na ce masa ba shi da imani, ya ce ni ce ba ni da hankali, ya ce an gina musu na siminti da kowa ke hassada, me suke nema a namu? Ya riga ya kawo bulo, ya ce ran Juma'a in an sauko daga masallaci zai toshe. Kuma wallahi ba mugu ba ne, gaskiyarsa ce. Shi da Inna duk ba su san zancen takardar nan ba.

Ran Alhamis Madam da mutanenta za su zo dubawar ƙarshe. In na ce komai lafiya, za su ga wuri fes su ɗauki hoto su rufe maganar unguwarmu su wuce gaba, ba za a ƙara gina wani ba, ba za a juya ƙofa ba. In na faɗi gaskiya, to na ce na yi ƙarya na sa hannu. Aikin zai tafi, wannan na haƙura da shi. Mai unguwa da ya ba da sunana zai ji kunya, matan unguwa kuma sun samu abin tauna na shekara, wannan ma zan iya ɗauka, dama ba magana suke yi mini ba.

Abin da ya ɗaure ni shi ne na jiya. Na kira Falmata bakin zana na gaya mata komai, na ce ni na jawo mata ciwon nan. Na zaci za ta yi mamaki. Ta ce, "Ai na gan ki ranar. Mun shimfiɗa miki tabarma, har an aika a sayo sukari, sai muka ga bayanki." Ta san wannan duk watannin da take yi mini kitso. Sai na ce to zan faɗa wa Madam, nan fuskarta ta canza, ta kama hannuna ta ce ta roƙe ni da girman Allah kada in yi. Ta ce taron dubawar a ƙarƙashin bedi za a yi, a gaban Ba Modu da dattijan unguwa. Tsohon da ya rasa gari ya rasa ɗa, yanzu a tsaya gaban mutane a ce zamansa ne ya kwantar da surukarsa, kuma wurin da ya nuna da sandarsa ne bai yi ba. Maza kuma su ji inda matan ke zuwa da yadda suke yi. Ta ce, "Mu baƙi ne, ƙanwata. An ba mu abu, ba ma cewa bai yi ba. In mai filin ya ji mun fara ƙorafi, ina za mu?" Ta ce ko Madam ta zo ta tambaye su su kaɗai, cewa za su yi suna shiga. Na yi mata tsawa, na ce to ki mutu saboda kunya. Ta saki hannuna ta koma.

Kafin wani ya ce a roƙi tsohon ya matsar da tabarmarsa: inuwar ke nan guda ɗaya a filin. Duk da haka na je yau da safe da niyyar in gaya masa a fakaice. Ina durƙusawa ya fara sa mini albarka, ya ce tun da suka baro gida ba wanda ya mutunta su kamar yadda na yi da ginin nan, ya ce Allah ya ba ni miji nagari. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, amin kawai na ce na tashi. Saƙon da zan tura wa Madam kuma na rubuta shi ya fi sau biyar ina gogewa, don in na gaya mata a ɓoye ma dole ta zo ta bincika, maganar ta fita, Falmata kuma ta san daga inda ta fito.

Tun jiya tana ɗaga zana ta wuce salga ta koma, ina zaune a tsakar gida ba ta kallo inda nake. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan, shi ya sa na kawo muku, ku da ba ku san fuskata ba.

Zagi ba sai kun wahalar da kanku ba, na yi wa kaina wanda ya isa. Abu ɗaya nake so ku gaya mini. In na yi magana ran Alhamis, na tona asirin matan da suka roƙe ni in rufe, kuma mai yiwuwa Falmata ba za ta ƙara ce mini ƙanwata ba. In na yi shiru, ran Juma'a Yaya zai jera bulonsa, ran Asabar da safe ta koma kurɓi ɗaya har faɗuwar rana, da ciwon da likita ta ce zai iya kai wa ƙoda. Akwai hanyar da zan gaya wa Madam ba tare da an kunyata tsohon nan ba? In babu, ku faɗa mini kai tsaye: in faɗa duk da ta hana ni, ko ba ni da hurumin sake yanke wa matan nan hukunci ban tambaye su ba?