Na'urarku Ta Ce Inna Lafiya Take

Zuwa ga Shugaban Asibitin da ke leƙa cikin mutane da na'ura,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ni mai kabu-kabu ne a Yelwa. Inna ta warke, alhamdu lillahi, don haka ba faɗa na zo yi ba. Amma akwai magana.

Na ɗaya. Inna ta daɗe da zafin ciki, ko kunu ta sha sai ta riƙe ƙirji. Muka kawo ta, aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki. Likita ya kalli allo ya ce ciki fes yake. Wallahi har murna muka yi a mota.

Na biyu, nan ne ƙorafina. Ba wanda ya gaya mana cewa tsohon kumburin bangon ciki yana iya ɓuya wa kyamara, sai an ɗan gutsuri naman an auna. Mu a wajenmu, abin da hoto ya nuna ya zauna. Azumi ya zo, na roƙi Inna ta ajiye, ta ce da ni: "Na'ura ta ce lahiya nike, mi zan ce ma Allah?" Ta ɗauka. Ta daina ko faɗin ciwon, don kada a ce raki take. Sai maƙwabciya ce ta tsince ta durƙushe a gindin bandar kifinta, tana amai. Dole ta ajiye azumin. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji shi.

Na uku, yabo. Da muka komo, wata likitarku ta sake leƙawa, ta gutsuri naman ta aika a auna. Sakamako ya nuna kumburi ne tsoho, da ƙwayar cuta. Aka ba ta magani. Yanzu tuwo take ci da miyar kifi, har tana yi mani tsiya wai na fi ta raki.

Roƙona, ranka ya daɗe: a riƙa gutsurar naman in ciwo ya daɗe. In ba a yi ba, a faɗa wa mutum da Hausa cewa ba komai kyamara take gani ba. Tsofaffinmu sun fi gaskata ku a kan cikinsu.

Allah ya ƙara maku basira, ya saka wa likitar nan da alheri. Inna ta fara ramuwar azumin da ta sha, wannan karon da izinin likita.

Wassalam,
Ɗan Inna, daga Yelwa.