Mutumin da ke Cikin Labarin Christabel

Chikaji, Sabon Gari
4 ga Yuni

Zuwa ga matata, Maman Bibiana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Bibiana, yaya jaririn, yaya mutanen Zonkwa? Ina fata hidimar jego ba ta tayar miki da ciwon bayan nan ba. Ni lafiya lau, sai gajiya. Na ba direba wasiƙar nan a tasha ne don bakina ba zai iya faɗin wannan magana a waya ba.

Autarmu Christabel ta zo daga Samaru ranar Asabar. Ta rubuta labari don wata gasa ta ɗalibai, ta zaunar da ni ta karanta mini. Wai shekara ɗari nan gaba ruwa da abinci sun yi ƙaranci, hukuma ta ce kowane gida 'ya'ya biyu kawai, na'ura ce ke ƙirga mutane. Akwai wani ma'aikaci mai bin gida-gida yana rubuta sunan matan da suka ɗauki ciki na uku, don hukuma ta sa a cire. Ba mugu ba ne, har coci yana zuwa. Da matarsa ta samu cikin, ya rubuta sunanta da hannunsa, ya ce mata ba ƙin yaron yake ba, lissafi yake yi.

Maman Bibiana, kin san wanda ya taɓa faɗin wannan magana. Shekarar da aka rufe kamfaninmu, muna da 'ya'ya shida, kina ɗauke da cikin Christabel, na ce ki je a cire. Kika ƙi. Ke kika gaya mata? Ba zan yi fushi ba, so nake in sani.

Mijinki,
Mordecai

Chikaji
15 ga Yuni

Maman Bibiana,

Ina gaishe ki da gida duka. Na ji amsarki, na kuma yarda ba ki taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan ya fi yi mini nauyi, don ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na shiga mota na sami Christabel a Samaru, muka zauna a gindin wata bishiya kusa da kasuwa. Na tambaye ta inda ta samo mutumin da ke cikin labarin. Ta ce a jikinta. Wai ajinsu sun fi ɗari uku, kullum sai ta yi kokawar shiga mota, wata rana ta ji zuciyarta tana cewa mun yi yawa a ƙasar nan, da za a rage da an huta. Ta tsorata da kanta, shi ya sa ta rubuta.

Da na yi shiru da maganar ta wuce a nan. Amma yarinyar ta faɗi nata, ni da furfura in ɓoye nawa? Na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce tana da lacca. Asabar ta wuce ba ta zo gida ba, ba ta ɗaga waya.

Naki,
Mordecai

Chikaji
29 ga Yuni

Matata,

Da fatan kuna lafiya, jaririn kuma yana ƙara ƙiba. Christabel ta zo jiya da rana. Ta share tsakar gida, ta dafa wake da shinkafa, ta zuba mini. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, da farko na kashe mutumin nan a ƙarshen labarin. Yanzu na canza."

Wai a sabon ƙarshen, matarsa ta haifi yarinya a ɓoye, shi kuma ya rayu, yana kai ta makaranta, yana ganinta kowace safiya har ta girma. Na tambaye ta ko hukunci ne ta yi masa ko gafara. Ta ce ba ta sani ba tukuna, in ta sani za ta gaya mini.

Na raka ta titi, ta bar ni na riƙe mata jaka. Ki dawo da wuri don Allah, na gaji da zama ni kaɗai da wannan magana. Ki gaida Bibiana da maigidanta.

Ni ne mijinki,
Mordecai