Abin da Wuta Ta Bari a Gonar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen bariki. Inna tana gaishe ka, ta ce tarin ya yi sauƙi. 'Yarka ta fari da ke wajenmu ma tana gaishe ka. Har yau ba a gyara mana layin waya ba, shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya.

Ranar Talata da safe na hango hayaƙi ta wajen gonarmu ta bakin rafi. Na je a guje, na tarar da Baba tsaye da ashana a hannu, ya cinna wa ciyawa wuta. Gonar nan ce fa da masu kwance bam suka kewaye da jajayen duwatsu, suka ce ko akuya kada ta shiga sai sun dawo. Tun da yaƙi ya bi ta nan 'ya'yan bam ɗin nan suke warwatse a cikinta, kowanne bai wuce tocila ba, da ɗan farin ƙyalle a wutsiya.

Wuta na ci suna tashi, fau, fau, Baba na gyaɗa kai kamar mai jin kiɗa. Da ta mutu sai ya ce, “To, sun yi kukansu sun gama. Ruwan farko zan sa garma.”

Yaya, ni na tsaya na duba da kyau. Ba duka suka tashi ba. Ƙyallen kawai wutar ta cinye, ta bar su baƙi ƙirin a cikin toka. Da, tun daga nesa kana hango farin, ka kauce. Yanzu ba ka bambanta su da dunƙulen ƙasa.

Na faɗa masa, ya ce, “Kai Auta, kai da iyakar saninka bin jelar shanu, za ka koya mini bam? Yayanka soja ne, da kunnena na ji shi a rediyo yana cewa wanda bai tashi ba mutuwa yake yi da kansa.”

Don Allah ka rubuto masa da hannunka cewa kada ya shiga. Maganarka kaɗai yake ji.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta.


Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Ka gaishe da Baba da Inna.

Abin da na faɗa a rediyo a kan sabon samfuri ne. Na gonarmu tsohuwar ajiya ce, na san haka domin daga ɓangarenmu aka harba shi. Kada ka yi mini kallon marar imani. Ranar da abokan gaba suka taso wa gadar garinmu da motocinsu, ba don bam mai 'ya'ya ba da ba mu tare su ba, da gidan da kake kwana a ciki ma babu shi. Masu neman a haramta shi ba su taɓa kwana a rami ba. Mu mu sa hannu a yarjejeniyar haramta shi, ƙasa maƙwabciyarmu ta ƙi sawa, to wa aka ɗaure wa hannu?

An zaɓe ni in yi bayani a gaban kwamitin majalisa a kan wannan batu. Idan takarda da sa hannuna ta fita tana cewa makamin na kashe manoma, ka san inda za ta ƙare. Ka gaya wa Baba da baki cewa na ce ya jira masu kwancewa. In ya ƙi, ka ɓoye garmar.

Allah ya tsare.
Yayanka.


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki. Kowa lafiya, sai dai hankalina.

Na isar da saƙonka. Baba ya miƙo hannu ya ce, “Ina takardar?” Na ce da baki ka aiko. Ya yi dariya ya ce, “Da bakin wa? Naka? Malalaci ba ya rasa dalili.” Ban nuna masa takardarka ba tunda ka hana, ga shi na zama maƙaryaci a gidanmu.

Garma kuma na cusa ta ƙarƙashin kara a bayan rumbu. Bai ko tambaye ni ba, ya je ya aro ta maƙwabci. Yanzu garma biyu gare mu.

Wasu mata sun zo daga ƙungiyar masu neman haramtawa, suna son ɗaukar hoton gonar. Baba ya kore su da sanda, wai su ne masu son kunyata ɗansa. Masu kwance bam kuwa na bi su har ofishinsu, wani mai tabarau ya ce layi ne, sai bayan damina. Da na ce an sa wa gonar wuta sai ya cire tabarau ya riƙe kai.

Ni ban san yarjejeniya ba, Yaya, kuma ban ce ƙarya kake yi a kan gada ba. Ku yi muhawararku har ku gaji. Amma ku kun gama da makamin nan tun ranar, mu kuwa damina ta biyu ke nan muna zaune da shi, rumbu ya kusa ƙarewa. Baba ba taurin kai kawai yake yi ba, yunwa yake hangowa. Takarda mai layi biyu nake roƙo. In ya karanta, a gabansa zan ƙona ta.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta.


Auta,

Salam. An ɗaga zaman kwamiti zuwa mako mai zuwa. Da an tashi zan zo da kaina in yi wa Baba magana, ya fi takarda. Ka ƙara haƙuri, na san kana da shi.

Yayanka.


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Daga bencin asibiti nake rubuto maka.

Ruwa ya sauka, gari na wayewa Baba ya ɗaura wa shanu garma. Na tare ƙofa, ya ce in matsa ko ya yi mini baki. Na matsa. Bai kai tsakiyar gona ba bam ya tashi. Jan sanmu ya mutu nan take. Baba yana da rai, likita ya ce ƙafar dama ba za ta zauna ba. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne kada a gaya maka sai ka gama bayaninka.

Ni dai na gaya maka. Idan a majalisa suka tambaye ka shaida, ba ni kaɗai na gani ba. Akwai maƙwabci mai garma, da Inna daga bakin shinge, da 'yarka ta fari, wadda ta biyo kakanta da butar ruwa.

Ka huta lafiya.
Auta.