Kwas Ɗin Da Suka Ƙi Karɓa

Litinin, 8 ga Janairu

Amsa ta fito daga ofishin rajistar jami'a. Duk kwasa-kwasan da na yi a tsohuwar makarantata kafin haihuwar Babba ta sa na ajiye karatu sun karɓa, ragowar kuma na cike su a ajin ƙarshen mako. Kwas ɗin Ƙididdiga kaɗai suka ƙi, sai na sake shi. Wai ya tsufa, yanzu da kwamfuta ake yin sa. Shi ne fa kwas ɗin da na fi kowa maki a ajinmu. Na faɗa wa matar da ke kan tebur, ta ce, "Ayya," ta kira na bayana. Ko haushi ban ji ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Oga ya sake tuna mini: daga Yuni, kujerar shugabar ɗakin kati na asibitin nan ta mai digiri ce. In babu, in koma taga ina miƙa kati, ƙarƙashin yarinyar da na koya wa aiki. Na ce to.

Asabar, 20 ga Janairu

Aji na farko. Yara sa'annin Babba. Ɗaya ta tashi ta ba ni kujera, ta ɗauka ni ce malama. Malamin kansa "Mama" yake ce mini. Duk abin da ya rubuta a allo na san shi. Na zauna ina ƙirga kayan wankin da ke jirana.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ban je ba. Me za su koya mini?

Asabar, 24 ga Fabrairu

Yau ma. Na yi wanki, na yi barci kamar an doke ni. Baban yara ya leƙo ya ce, "Farfesa, yau ɗalibai sun huta ke nan?" Na juya masa baya.

Alhamis, 14 ga Maris

Gwaji. Kowa ya buɗe kwamfuta, ni na jawo takarda da biro kamar yadda aka koya mana. Lambobi shafi guda! Ina kan tambaya ta biyu ina haɗa su ɗaya bayan ɗaya aka ce a tsaya. Malamin ya duba takardata ya daɗe, ya ce, "Mama, hanyarki daidai ce, amma a haka sai gobe ki gama." Na ce haka ne. Na koma wurin aiki na jera katunan masu ciwon suga.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na koma aji. Yarinyar da ta ba ni kujera ce ke nuna mini inda ake dannawa. Aikin da nake kwashe rabin yini a kai, ƙiftawar ido ya fito. Ta ce, "Anti, kin gani? Sauƙi." Sauƙi, in ji ta. Idona ciwo, bayana ciwo. Ina zuwa, ina dannawa, ina dawowa.

Asabar, 27 ga Afrilu

Jarrabawa. Na bar tambaya ta ƙarshe babu amsa.

Talata, 21 ga Mayu

Na ci. Da ƙyar, maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Kujerata ta tsira. Oga ya ce barka, Baban yara ya kira 'yan'uwansa kaf a waya har muryarsa ta dushe. Ni ina ta jira in ji wani abu a ƙirjina, shiru. Na share kicin.

Lahadi, 26 ga Mayu

Gida ba kowa. Na ɗora tukunya, sai na tuna tambayar nan ta ƙarshe. Na ce bari in gani kawai, ba don komai ba, tunda ba mai ba ni maki. Na ari kwamfutar Babba. Sau biyu tana ƙi, a na uku amsar ta fito, kuma na san dalilin da ya sa ta fito. Na ji na yi wata ƙara ni kaɗai a falo, har na waiga ko wani ya ji. Tukunya ta ƙone ƙurmus.

Da suka dawo na ce wuta ce ta yi yawa.

Akwai babi ɗaya da malamin bai kai ba a ƙarshen littafin ƙididdigar da na aro. Ban ce zan karanta ba. Ban dai mayar da littafin laburare ba tukuna.