Finjali Biyu a Gindin Gaf

Suhar, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga surukina kuma aminina Khalfan,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da garejinka da mutanen Bidiya baki ɗaya. Na kira ka sau shida ba ka ɗaga ba. Na san guduma ta gama da kunnenka, wayar kuma tana can cikin akwatin sifanoni. Shi ya sa na ba Sarur, direban motar dabino, wannan takarda.

Ka san na ajiye aiki a watan jiya. Shekara talatin da ɗaya ke nan duk lokacin sanyi ni da kai muke shiga rairayin hamada, mu yi mako guda a gindin bishiyar gaf ɗin nan tamu. Bana ina so in kai ƙanwarka Zuwaina. Ta ce ta gaji da jin labarin bishiya a bakin mutum, gani ya kori ji. To gwiwarta ba ta jure kwanan ƙasa, don haka muka yanke shawarar sayen ƙaramin karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, na mutum biyu.

Mun ga guda biyu a garin Barka. Ɗaya fari ne, mai kyau, da murhu da labule da madubi, sai dai cikinsa ya kusa taɓa ƙasa, tayoyinsa kuma ƙanana. Ɗayan ruwan ƙasa ne, mummuna, ba komai a ciki sai gado da kabad, amma yana da tsayi da faffaɗan taya. Ni takarda na sani, ƙarfe naka ne. Wanda ka ce shi za mu ɗauka.

Namu makon kuma, ni da kai, daga baya ma ga yadda za a yi.

Ka huta lafiya.
Naka,
Hamud

*

Bidiya, 9 ga Nuwamba

Hamud,

Wa alaikumus salam. Garejin yana nan, ni ma ina nan. Takardarka ta zo, na karanta ta sau biyu ko zan ga inda na yi kuskuren karatu, ban gani ba.

Madalla da ɗaki mai taya. Ashe mutumin da ya kwana a kan tabarma shekara talatin da ɗaya, yana cewa ba gadon da ya kai yashi daɗi, labule yake so tun tuni bai faɗa ba. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ka sayo har da fanka, kada zufa ta taɓa ango.

Tunda ka tambaye ni, ku ɗauki farin. Mace tana son murhu da madubi. Maganar tayoyi kada ta dame ka, ka rage musu iska kawai, zai bi ka duk inda ka nufa. Ruwan ƙasan nan akwatin kaji ne, ƙanwata ba za ta kwana a ciki ba.

"Daga baya ma ga yadda za a yi." Na gode. Haka nake faɗa wa mai motar da ba ni da niyyar gyarawa.

Ka gaishe ta.
Khalfan

*

Suhar, 15 ga Nuwamba

Yaya Khalfan,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta. Yaya ƙafa, yaya kunne? Na ba Sarur halwa, alewar nan tamu, ya kawo maka, kada ka cinye ta rana ɗaya.

Yaya, kifi na ganinka mai jar koma. Maigidana Abu Saif ya karanta mini takardarka yana murna, yana cewa gwani ya yi magana. Washegari na sa ya mayar da ni Barka. Ka manta a garejin Baba ɗaya muka tashi? Ka manta shi ya koya mana auna cikin mota da taƙi, ya ce duk abin da bai kai taƙi biyu daga ƙasa ba, kada ya bar kwalta? Na durƙusa da wannan gwiwar tawa a gaban mai sayarwa, yana ta cewa Hajiya ki tashi kada rigarki ta ɓaci. Farin taƙi ɗaya ne da yatsa uku. Tudun farko zai kwanta da cikinsa kamar saniyar da ta ƙoshi. Ka sani, na san ka sani. So kake mu tsaya a bakin titi, bishiyar ta zama taku ku kaɗai.

To bari in faɗa maka abin da na haɗiye tun ina amarya, yau ranar wanka ce. Kishinka nake yi. Wata huɗu da kawo ni gidan nan ka tsaya a ƙofa kana danna oda, ya fita da gudu ko takalmi bai gama sawa ba. Shekarar da na haifi Saif, kwana tara da haihuwar kuka tafi. Duk sanda ya dawo sai in ji Khalfan ya ce, Khalfan ya yi, Khalfan ya gasa akuya a kan duwatsu. Dariyar da yake yi in yana ba da labarinka, ban taɓa samun irinta a kan tawa maganar ba. Matan unguwa suna tsoron mata a kan mazansu, ni yayana uwa ɗaya uba ɗaya ne ya hana ni sakat.

Kuma gahawar nan da kake yabo, kana cewa duk ƙasar nan ba mai hannun Hamud? Abu Saif ko ruwa bai iya tafasawa ba sai an tsaya a kansa. Ni nake soya ta, ni nake daka ta da 'ya'yan hel masu ƙamshi da kanumfari, in ƙulla ta ƙulli bakwai, na kowace safiya ɗaya. Shi zubawa kawai yake yi a buta. Shekara talatin da ɗaya ina gindin bishiyar nan a cikin finjalinku, ban taɓa ganin inuwarta ba.

Ban faɗa masa abin da ka yi ba. Ba don kai ba, don shi.

Ƙanwarka,
Zuwaina

*

Bidiya, 20 ga Nuwamba

Zuwaina,

Halwar ta iso, ta yi zaƙi da yawa.

E, na sani. Taƙi ɗaya da yatsa uku, ko daga bayanin Hamud na gane. Ba zan yi miki rantsuwar ƙarya ba.

Ke kina da shi mako hamsin da ɗaya a shekara. Kina da Saif da 'yan'uwansa da jikoki cike da tsakar gida. Ni tun da matata Azza ta rasu, yara suka tafi Maskat, da wa nake magana? Mutane su zo su yi mini ihu a kunne a kan birki su tafi. A rairayi kaɗai nake jin maganar mutum ba sai ya ɗaga murya ba, don can ba ƙarar komai. Mako ɗaya ne nawa, shi ma kin miƙo hannu. Kuma kada ki manta ni na kawo shi gidanmu. Abokina ne shekara shida kafin ya san akwai ki a duniya.

Maganar gahawa ba ta yi mini daɗi ba. Da kin bar ni da ita yadda na san ta.

Ki sayi wanda kika ga dama. Amma ki tambayi angon naki hanya. Shekara talatin da ɗaya ni nake tuƙi, shi da mun bar kwalta yake jingina kai, sai mun isa in tashe shi. Bishiyar ba ta da lamba, ba ta cikin waya. Ku nemo ta.

Yayanki,
Khalfan

*

Suhar, 18 ga Disamba

Zuwa ga aminina Khalfan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai mun je mun dawo lafiya.

Da farko ina godiya. Ƙanwarka Ummu Saif ta ce a takardar da ka rubuto mata ka sake tunani, ka ce ruwan ƙasan ya fi. Na ce mata haka gwani yake, ba ya jin kunyar gyara maganarsa. Shi muka ɗauka, kuma wallahi ko sau ɗaya bai kafe ba.

Sai dai ba mu ga bishiyar ba. Mun bi ta Bidiya, na so mu tsaya garejinka, ta ce kada mu dame ka. Kwana biyu muna zagaye. Duk tudun da na nuna na ce shi ne, sai mu hau mu ga wani bayansa. Ƙarshe wani mai raƙuma ya tambaye mu wace gaf muke nema, na ce mai reshe biyu. Ya dube ni ya ce, "Baba, duk gaf ɗin Allah reshe biyu gare ta ko fi." Ƙanwarka ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Muka sauka a wani kwari da ba kowa. Ba zan ɓoye maka ba, mun ji daɗi. Ashe ta iya hura wuta fiye da ni da kai. Ita ta rage wa tayoyi iska, ita ta ja motar a wurare masu wuya. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban san ta san sunayen tsuntsaye ba. Mun yi hirar da ba mu taɓa yi a gida ba.

Amma kowace safiya in na ɗauko finjalai sai in ga na fito da uku. In ta gani sai ta mayar da ɗaya cikin kabad. Rana ta huɗu ta ce in bar mata finjalan, ita za ta riƙa ɗaukowa. Da muka dawo gida na duba kabad ɗin, biyu suka rage.

Sarur ya ce ya ga garejinka a rufe mako guda. Lafiya dai?

Naka har kullum,
Hamud

*

Bidiya, 27 ga Disamba

Zuwaina,

Ina gaishe ki. Wannan taki ce, kada ki ba shi ya karanta.

Kin sa ya yi mini godiya a kan abin da ban yi ba. Da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi. Tun kina ƙarama haka kike, ba ki duka sai inda ba a gani.

Garejin a rufe yake don na tafi can ni kaɗai. Na ce in nuna wa kaina ba na bukatar kowa. Rana ta biyu na hango ƙurar motarku daga kan tudu, kuna jan akwatin kajin nan, kun yi gabas alhali bishiyar tana kudu. Tsakaninmu bai fi tafiyar minti goma ba. Ina da madubi a mota, walƙawa ɗaya zan yi ku gan ni. Na zauna ina kallo har kuka ɓace. Na ɗauka zan ji daɗi, ban ji ba.

Gahawa kuma na saya a kasuwa na dafa da kaina. Na ƙara hel, na rage, na ƙara kanumfari. Kwana bakwai ina shan ruwan wankin tukunya. Ashe ba bishiyar ba ce kawai.

Ga taswira a bayan takardar nan. Daga rijiyar ƙarshe ku bar rana a kafaɗar hagu in da safe ne, ku ƙirga tudu goma sha ɗaya. Na jera duwatsu a inda ake karkata. Na bar muku itace a gindinta, zai ishe ku kwana biyar. Reshen yamma ya fi inuwa, nan za ku tsayar da ɗakin naku.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini awon hel ɗin, da abin da kike ƙarawa wanda na kasa ganewa. Tunda ni kaɗai zan riƙa zuwa, in sha abin kirki.

Yayanki,
Khalfan

*

Suhar, 2 ga Janairu

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Taswira ta iso.

Awon ba na ba kowa, ko Abu Saif bai sani ba.

Za mu shiga ranar Lahadi. Daga Lahadi zuwa Alhamis nawa ne, kada in ga ƙurar motarka ko daga nesa. Juma'a da Asabar ka zo. Karafan ɗin na mutum biyu ne, ka taho da tabarmarka.

Ka taho da finjalinka kuma. Namu biyu ne.

Ƙanwarka,
Zuwaina