Yaya, Kada Ka Aiko da Katin Sautin Nan

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan, ya sa maganin da aka canza maka ya karɓe ka. Mu nan sai godiya. Inna tana nan, ƙafa ce dai ta ƙi, amma baki garau yake. Ta ga hoton da ka turo, ta ce ka rame, kuma laifin Anti ne, ni dai saƙo na isar. Baban yara yana fama da shagonsa, babbar 'yarmu ta gama jarrabawa tana zaune tana cinye mana gida.

Yaya, maganar katin sautin da ka ce za ka ba abokinka ya taho mini da shi ƙarshen wata ce ta sa na ɗauki biro. Don Allah kada ka saya. In ka riga ka saya, ka mayar, ko ka ba wanda zai amfana. Na san ni na dame ka da zancen, har ka zauna ka rubuto mini dogon bayani a kan wanda ake sokewa a cikin kwamfuta da wanda ake jonawa ta waje. Ka yi haƙuri da ni, ka karanta har ƙarshe.

Ka san aikina, shekara ashirin da uku ke nan. A kawo mana maganar da aka naɗa a wajen taro ko zaman kwamiti, in sa abin kunne na sauraro, in taka abin tsayarwa da ƙafa, in buga duk abin da aka faɗa, har tari in ya zama dole. Inda magana ta shige, sai mu rubuta "ba a ji ba" mu wuce. Da can, a takarda mai shafi hamsin, da ƙyar ka ga wannan sau uku a aikina, har sababbin ma'aikata ake turo mini in koya musu. Bana kuwa na wayi gari ina rubuta shi sau talatin, sau arba'in. Daidai lokacin ne aka canza mana kwamfutoci, sai na ce shi ke nan, na kama ɓarawona. Tsohuwata tana da katin sauti nata daban, sabuwar kuwa da sautin da aka haife ta da shi take aiki, wanda ke manne a babban faifan cikinta, abin da masu gyara ke ce wa madabod. Na bi ofis ina cewa an sayo mana tarkace, maganar mutane tana fitowa kamar an kifa musu bokiti a ka.

Abin ya yi muni ne mako uku da suka wuce. An kawo zaman wani kwamiti, maza shida da mace ɗaya mai siririyar murya. Na buga na miƙa. Bayan kwana uku takardar ta dawo da wasiƙar ƙorafi: matar ta yi magana ta kusan minti huɗu tana ƙin amincewa da shawarar da aka yanke, ni kuma ban rubuta ko kalma ɗaya ba. Wallahi Yaya, ni a wurin shiru na ji da motsin takardu, na ɗauka hutu suka tafi. Shugaban sashenmu ya kira ni. Mutum ne mai kunya, ya girme ni da kaɗan, bai ɗaga murya ba. Ya ce matar tana zargin da gangan aka share ta, kuma in aka sake samun irin wannan kafin ƙarshen watan nan, ba shi da bakin da zai kare ni a sama. Ni kuwa na buɗe baki na zazzage masa laifin kwamfuta, na ce a sa mini katin sauti a ga aiki.

Daga nan na zama malamar sauti. Dogo, abokin aikina da teburinsa ke kallon nawa, ya ce shi da irin kwamfutar yake aiki kuma lafiya lau yake ji. Na ce masa shi ai ko rediyon mota aka ba shi zai ce lafiya lau, kunnensa bai san daɗi ba. Ya yi dariya ya ƙyale ni. Mai gyaran kwamfutocin ofis ma na hana shi sakat. Ya gaya mini gaskiyarsa, ya ce sautin da ke zuwa da kwamfutocin yanzu ya ishi mai sauraron magana har ya yi saura. Kati na masu naɗar waƙa ne, ko mai babban abin kunnen da ke son ƙarfi, ko wanda tasa ke tsiyayar ƙarar wuta. Na ce to tawa tana tsiyaya. Na nuna masa bayaninka a waya, na ce yayana ya fi shi sanin kwamfuta. Ka yafe mini, da sunanka na yi ta faɗa.

Da ya gaji da ni, ranar Laraba ya zo da nasa katin na gida, ya ce aro ne, a gwada kafin a wahalar da kai. Ya kwantar da kwamfutar a kan teburina, ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya soke katin. Kafin ya jona, sai ya sa abin kunnena a tsohon ramin sautin da ke jikin kwamfutar ya ɗan saurara, ya motsa linzamin kwamfutar, wato maus, ya ce lallai ina da gaskiya, akwai wata siririyar ƙara kamar kukan sauro duk lokacin da aka motsa shi. Dogo ya karɓa ya ce shi ma ya ji. Na ji daɗi har na gyara zama. Na karɓa na sa, na motsa linzamin, na sake motsawa. Babu sauro, babu komai. Na dai gyaɗa kai na ce ai kun ji abin da nake faɗa.

Sai aka mayar da abin kunnen kan sabon katin, aka kunna wurin da matar nan take magana. Mai gyara ya ce ƙarar ta tafi, tas. Dogo ya saurara yana maimaita maganarta da baki, jimla bayan jimla, ya ce amma fa ko a tsohon ramin yana jin ta. Aka miƙo mini. Yaya, na ƙure sautin har abin yana girgiza mini kumatu. Mazan na ji su, gum-gum, kamar daga ɗakin maƙwabta. Matar kuwa na san dai akwai wani abu a wurin, kamar ana shara a nesa. Na ce a mayar tsohon ramin, aka mayar. Na ce a dawo sabon, aka dawo. Sau huɗu. Duk ɗaya ne a wurina. Da na cire abin kunnen sai na ga su biyun sun sunkuyar da kai, mai gyara yana ta juya sukurudireba a hannu. Bai ce komai a kaina ba, Allah ya saka masa. Ya ce zai bar mini katin har mako, ko zan saba da shi. Na ce ya cire kayansa.

Da na koma gida na sami Baban yara a tsakar gida yana wanke ƙafa, na tsaya a gabansa na tambaye shi ko ya lura ba na ji sosai. Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta fita. Sannan ya ce an kusa shekara biyu. Ya ce shi ya hana yara yi mini magana daga bayana, shi ya ce su riƙa zuwa gabana, kuma ƙaramar 'yarmu ba rashin kunya ke sa ta yi mini shiru ba, ta gaji da maimaitawa ne, muryarta siririya ce. Ni da nake ta yi wa yarinyar nan faɗa a kan ba ta gaishe ni da safe! Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya ce ya gwada sau biyu, na ce masa shi ne ke magana a cikin hanci. Ban yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda ko ɗankwali ka ji ya yi maka nauyi. Na yi shekara ashirin da uku ina ci da kunnen nan, ban taɓa tunanin shi ma yana tsufa ba.

Likitan kunne ya ba ni rana, sai mako na sama. Amma ƙarshen wata ba zai jira likita ba, kuma akwai zaman kwamiti biyu a teburina. Na kwana biyu ina juya abin. Dogo ya ce in riƙa tura masa wuraren da suka shige mini ya cike a ɓoye. Na gode masa, na ce a'a. Wanda bai san an yi magana ba, ina zai san wurin da zai tura? Jiya Juma'a da safe na shiga ofishin Shugaba na rufe ƙofa. Na ce masa kwamfuta ba ta da laifi, mai gyara ba shi da laifi, ni ce. Na roƙe shi a rubuta wa matar nan a ba ta haƙuri da sunana. Na ce in akwai aikin buga takardun hannu ko duba kurakurai, ina so, idona da yatsuna lafiyarsu ƙalau; in babu, ya gaya mini gaskiya in san inda na dosa.

Ya cire tabarau, ya tashi ya tsaya a bakin taga ya ba ni baya, kamar yadda yake yi in magana ta yi masa nauyi. Ya yi magana mai tsawo, a hankali, yana kallon titi. Ina ganin ƙeyarsa tana motsi. Da ya juyo ya dube ni yana jiran amsa, sai bakina ya riga ni, na ce, "To, na gode, ranka ya daɗe." Na buɗe ƙofa na fita. Sai da na zauna a kujerata na gane abin da na yi. Yaya, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ban sani ba ko godiyar canjin aiki na yi, ko ta sallama. Kafin in tattara ƙarfin komawa, ya fita taro, bai dawo ba har aka tashi.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da babban ɗanka da amaryarsa, da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Inna da Baban yara da yaran duk suna gaishe ku. Inna ba ta san komai ba tukuna, ka bar ni in gaya mata da kaina.

Jibi Litinin zan shiga wurinsa da takarda da biro, in ajiye a gabansa, in ce ya rubuta mini abin da ya faɗa. Ka sa ni a addu'a da ƙarfe takwas.

Ƙanwarka,
Auta