Hanta a Gidan Mushe Nomau

Damagaram, watan Agusta

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Sa'a,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinki, yaya maigida da yara, yaya mutanen Takieta? Ina fatan damina ta yi muku kyau. Ki gaishe mini da Inna, ki ce mata ta rage zirga-zirga da ƙafar nan tata.

Yaya, ki kwantar da hankalinki, ban mutu ba. Na san an kawo muku labarin har da ƙarin gishiri. Gaskiya ne na faɗi a majami'a ranar Asabar ana tsakiyar waƙa, sai farkawa na yi na gan ni a gidan likita. Abin da na fara yi shi ne dafa cikina. Ungozoma ta saurara, ta ce zuciyar ɗan tana bugawa lafiya lau. Wayyo Yaya, kukan da na yi! Ke kin san ɓari biyu na yi kafin wannan, kuma ban taɓa kai wata shida ba sai yanzu.

Sai dai da ta ja fatar idona ta duba, ta ce fari fat. Zazzaɓin sauro ya shanye mini jini. Ƙwayar ƙarin jinin da suke ba ni, ina haɗiya take dawowa. Wake kuwa, ko warinsa na ji sai amai. Ta ce in ci hanta da nama kullum, in ba haka ba, ranar haihuwa ba ta ɗauki alkawarin raina ko na ɗan ba. Ta tambaye ni ko mijina ba shi da hali. Na ce yana da shi, domin kowa ya san Nomau mushen lakwal ne, wato malamin makaranta mai albashi.

Kin san dalili. Tun bara da ya karanta littafin matar nan da mu 'yan Adbentis muka gaskata Allah ya ba ta baiwar annabci, ya ga ta gargaɗi mutane a kan cin nama, nama bai ƙara shiga tukunyata ba. Shi yake koyar da manya a makarantar Asabar, ya kuwa koyar da wannan da ƙarfinsa. Da na faɗa masa maganar ungozoma, idonsa ya cika da hawaye, amma ya ce mu ƙara zogale, mu dage da addu'a. Zogale! Na ci zogale har na kusa tsirowa.

Kilishin da kika naɗe cikin zane kika ba Sha'ibu direba ya iso. Na buɗe, na sansana, miyau ya cika mini baki, na kai wa Falmata maƙwabciyata. Kada ki yi fushi. Ba zan laɓe bayan randa ina cin nama a gidana kamar kyanwa ba. Kuma saƙon da kika haɗo da shi ya ƙona mini rai, wai mu masu Asabar mun ɗora rubutun wata mata a kan Littafi Mai Tsarki, ku masu Lahadi ne kaɗai kuka riƙe Littafi. Haba Yaya! Kafin a yi mini baftisma an koya mini cewa Littafi ne ma'auni, duk wanda ya zo da annabci da shi ake auna shi. A kan haka na tsaya.

Shi ya sa jiya na ajiye Littafin a gaban Nomau. Na ce ya nuna mini inda Allah ya haramta nama. In ya nuna, na bi, ko zan mutu. In bai nuna ba, ya san abin da zai gaya wa Inna. Ya ɗauka ya fita.

Ki sa ni cikin addu'a, ina jin tsoro. Na rubuto ne don a waya Nomau yana jin duk abin da nake faɗa.

Ƙanwarki,
Talatu

Damagaram, watan Satumba

Yayata Sa'a,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara da Inna. Yaya aikin gona? Na ji an ce tsuntsu ya dame ku, Allah ya kawo sauƙi.

Yaya, zauna ki ji. Hanta ta shiga gidan Mushe Nomau, kuma da hannunsa ya shigo da ita!

Kin san shi da taurin kai, amma ba ya ha'inci. Da yake ana hutun lakwal, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, Littafi a dama, littattafan matar a hagu, ga jan bironsa na gyaran aikin 'yan makaranta. Ni ya yi niyyar kayarwa. Ina kwance a zaure ina kallonsa yana juya shafi yana tsaki. Ya tarar da inda Allah da kansa ya lissafa dabbobin da za a ci, ga sa, ga rago, ga akuya. Ya tarar da inda Ubangiji ya ci gasasshen kifi tare da almajiransa. Haramcin da yake nema bai same shi ba. Da ya koma wa littattafan matar don su cece shi, sai ya iske ita ma Littafi take tura mutum, har tana jan kunnen masu matsa wa marasa lafiya da matalauta a kan abinci. Bara idonsa ya tsallake wurin.

Na ɗauka shi ke nan, ashe abin ya ƙara rikita shi. Ya bar cin abinci, ya rame, mu biyu muka zama kamar sillen kara. Da na matsa masa, sai ya faɗa mini abin da ke cinsa. Ya ce saboda wannan hanya ya ɓata da mahaifinsa a Gouna. Tsoronsa shi ne in ya saki layi ɗaya na rubutun matar, kamar ya ce ba Allah ne ya aiko ta ba, daga nan komai ya warware masa. Gaskiya ya ba ni tausayi, ko da yake a lokacin ji nake kamar in kwaɗa masa ludayi.

Na ce ya je wurin Baba Mai Nasara, dattijon majami'armu. Ya dawo ya ba ni labari. Wai Baba ya bar shi ya gama zubo duk abin da ke ransa, sannan ya ce baiwar matar gaskiya ce, shi ma bai taɓa shakka ba, amma aikinta irin na wanda ya nuna maka rijiya ne. Ka gode masa, ka bi inda ya nuna, amma ba shi za ka sha ba. Ya ce shawararta a kan nama mai kyau ce ga mai lafiya da ke da abin da zai maye gurbi, sai dai majami'a ba ta taɓa mai da ita sharaɗin baftisma ba, domin abin da Littafi bai ɗaure ba, annabci ba ya ɗaure shi. Daga ƙarshe ya tambaye shi ko yana tsammanin matar za ta yi murna a binne mai ciki da sunanta.

Daga gidan Baba kasuwar Dole ya wuce. Mahamud mahauci ya gan shi ya riƙe baki, ya tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi, har sauran mahauta suka taru suna dariya. Ya shanye, ya sayo hantarsa. Ya hana ni tashi, wai shi zai soya. Yaya, ya ƙona ta ƙurmus, gishiri kuma kamar a Bilma aka dafa ta. Na cinye tas ina kuka, shi yana tsugune yana kallon bakina. Washegari Falmata ta leƙo ta katanga ta ce don Allah a bar mata suyar, kada Mushe ya ƙone unguwa. Yanzu ita ke yi mini farfesu.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya miƙe gaban ajinsa ya ce ya ɗauki shawara ya mai da ita doka, har ya kusa rasa iyalinsa. Wasu sun ɓata fuska, wata tsohuwa kuma ta ce amin da ƙarfi har aka juya ana kallonta. Shi dai har yau waken nan nasa yake ci, yana kuma karanta littattafan matar kowace safiya. Ban hana shi ba, ni ma ina sauraro, akwai abubuwa masu daɗi a ciki. Amma yanzu Littafi yake fara buɗewa.

An sake awon jinina, ungozoma ta ce ya fara hawa. Jiya na share tsakar gida duka ban ga jiri ba. Ki gaya wa Inna ta yi barci.

Taki har kullum,
Talatu

Damagaram, watan Nuwamba

Yayata Sa'a,

Ina gaishe ki da murna, ina gaida maigida da yara da Inna. Ina fatan an gama ɗaurin gero lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kishingiɗe nake yin sa.

Nomau ya riga ya sanar da ku ta waya, amma na san kuka ya fi maganarsa yawa. Mace ce, Yaya. Ga ta nan kan hannuna, da rai, tana tsotsa kamar mai jin haushina. Hancin ubanta ta ɗauko, Allah ya sa ba har da taurin kan ba.

Abin da bai gaya muku ba, na zubar da jini sosai bayan ta faɗo. Na ga ɗakin yana yin duhu, ina jin muryar ungozoma daga nesa tana kiran sunana. Allah ya sa ya tsaya. Da na dawo hayyacina, ta ce da irin jinin da na zo da shi a watan Agusta na zo yau, da yarinyar nan ba ta san uwarta ba. Nomau yana bakin ƙofa ya ji. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, ya daɗe bai tashi ba.

Yanzu ina gida, Falmata ke yi mini wankan jego kafin ku iso. Shekaranjiya na ji ƙarar babur, na leƙa ta taga. Sai ga mushen lakwal, mai koyar da makarantar Asabar, ya ɗauro ƙafafuwan sa huɗu a bayan babur, kofatai suna reto, ya ratso Birni da su da rana tsaka, wai na ƙauri ne. Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi.

Ki taho da Inna da babbar tukunyar nan, don ba zan bar shi ya taɓa ƙaurin ba. Maganar Asabar da Lahadi kuma, ki ajiye ta a tasha, in na yi arba'in ma ci gaba, ban gaji ba. Sunanki muka sa wa yarinyar, kuma shi ya zaɓa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki sake kawo mini kilishin nan, har yau ƙamshinsa bai bar hancina ba. Kada ki naɗe shi cikin zane. Ki riƙo shi a hannu, Nomau ne zai karɓa a bakin ƙofa.

Sai na gan ku. Ubangiji ya kawo ku lafiya.

Ƙanwarki mai jego,
Talatu